Kaset Ɗin da Kawu Bai Rubuta wa Suna Ba

Na Allah ne mu, kuma gare shi za mu koma. Kawu ya rasu wata Talata da hantsi, cikin damina, 'yan makonni bayan sojoji sun miƙa mulki ga farar hula. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa mun dawo, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa da ke Ƙofar Guga. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida har na zama malamin makaranta, don haka ni aka zaunar kusa da liman ina karɓar gaisuwa.

Na ɗauka dangi ne za su zo da abokan aikinsa na gidan talabijin, inda ya shafe rayuwarsa yana saɓe da kyamara. Ashe rabin garin ne. Mutanen da ban taɓa gani ba suka riƙa zuwa suna durƙusawa, a yi ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, a shafa fatiha, sai kuma mutum ya ƙi tashi. Wani mahauci ya ce Kawu ne ya ɗauki mahaifinsa a kyamara ranar da aka gyara musu rumfuna. Wani malamin Islamiyya daga Ƙofar Durbi ya ce shi ya ɗauki saukar ɗalibansa. Wani tsohon Bafulatani ya jingine sandarsa da bango, ya ce, "Shi ne ya ɗauke ni ranar allurar shanu. Har surukaina sun gan ni." Kowannensu in ya gama, sai ya rage murya ya ce, "Wai kaset ɗin yana nan kuwa?"

Wallahi raina ya ɓaci. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Na ce a zuciyata, ku ta'aziyya kuka zo ko neman kaset? Da ba don liman na gefena ba, da na faɗa a fili.

Bayan magariba wani ya fito da talabijin ɗin Kawu zuwa zaure, Allah ya sa akwai wuta. Kowa ya sakankance za a nuna shi a labaran ƙarfe bakwai. Aka fara. Sabbin shugabanni sun karɓi masu ziyarar ban girma. Wata ƙungiya ta kai gaisuwar taya murna. Wata ma ta kai. Manyan riguna dai, wannan ya miƙa wa wannan hannu, wancan ya gyara hula. Sai can ƙarshe, bayan har an gama labarin ƙwallo, mai karanta labarai ya ce tsohon ma'aikacinsu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Babu hoto. Fuskar mai karantawar kawai muka gani, sai kiɗan rufewa.

Mahaucin nan ya ce, "Shi ke nan?"

Liman ya ce a kashe, a yi salati.

Ni kuwa na miƙe ina huci, na ce gobe da safe sai na je gidan talabijin ɗin nan na ji dalili. Sai wani dattijo a ƙarshen tabarma ya ɗaga hannu. Abokin aikin Kawu ne na shekara da shekaru, shi ke tace labarai kafin a watsa, mu a gida Baba Edita muke ce masa. Ya ce, "Zauna, ɗana. Mun duba. Wallahi tun azahar muke dubawa. Duk gidan babu hotonsa ko guda. Shi ne a bayan kyamarar, wa zai ɗauke shi?"

Na koma na zauna.

Ranar sadakar uku Inna ta aiko a kira ni. Matar Kawu ke nan, ita ta yi mini wanka, ita ta yi mini tsarkin kaciya, kuma har yau ba ta faɗar sunana, sai dai ɗan nan. Na same ta a ɗakinta ta shiga takaba, zaune kan tabarma, babu 'yan kunne, babu kwalli. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta yi magana.

"Ɗan nan, akwai kaset ɗin walima. Na ranar da Malam ya aje aiki. Ka nemo mini shi in gani ko sau guda." Sannan ta ce, "Tun da aka hita da shi nike son in tuna yadda shike dariya, abin ya ƙi zuwa. Huskar ciwon kaɗai ke zo mini."

Na ce, "An gama, Inna. Yau ɗin nan." Da ƙarfina na faɗa, don na san inda kasetan Kawu suke.

Sai na bayyana dalilin da ya sa kaset guda ya zama abin nema haka. Kawu ba ya yarda a ɗauke shi hoto. Ba wai yana ganin haramun ba ne, ai da kyamara yake ci. Kunya ce kawai irin ta mutanen da. Ko a biki aka ce a taru a yi hoto, sai ka ga ya karɓe kyamarar daga hannun mai ita, ya ce bari ya gyara masa. Hoton da ya bari a duniya shi ne na katin aiki, ɗan mitsitsi, tun yana saurayi a zamanin da yake bin motar majigi mai nuna fim ƙauye-ƙauye, shi ma hatimi ya cinye rabin fuskar.

Amma in wajen ɗaukar wasu ne, ba shi da na biyu, kuma ba shi da sauri. In aka tura shi taro, zai ɗauki babban baƙo na ɗan lokaci, sai ya juya kyamara wajen jama'a. A hankali yake bi, fuska bayan fuska, masu tallar goro, tsofaffin da suka zo kallo, direban da ke jingine da mota, har wanda ya hau katanga. In an ce masa yana ɓata lokaci, amsarsa ɗaya ce: "Kowane ɗaya cikinsu akwai mai jiran ganinsa a gida." Gaskiyarsa kuwa. A shekarun nan, in aka nuna mutum a labaran ƙarfe bakwai, sati guda ana tare shi a hanya ana ce masa an gan shi.

A kan wannan ne suka yi faɗan da ba na mantawa, shi da Baba Edita, a zaurenmu. Lokacin mulkin soja ne. Kaset ya yi wuya a gidan talabijin, saboda haka in an watsa labari, sai a sake ɗaukar wani a kan kaset ɗin, na da ya tafi. Ƙa'idarsu kuwa mai sauƙi ce. Kowane kaset da 'yar farar takarda a jikinsa. In akwai rubutu a kanta, ba a taɓa shi. In babu rubutu, fanko ne, kowa na iya ɗauka. Kawu kuwa duk abin da ya ɗauko na unguwanni sai ya rubuta masa suna da jan biro, ya sayo sabo ya mayar musu, ya kawo wancan gida ya jefa a adaka, wani tsohon akwatinsa.

Ranar Baba Edita ya shigo ko sallamar kirki babu. "Malam, mi ye haka? An tura ka ka ɗauko babban baƙo yana buɗe famfo, ka kawo mini minti ashirin na mata da bokitai! Baƙon ma rabin hularsa kaɗai na gani!"

Kawu yana cikin yanke farce, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Shi ai gobe ma za ku nuna shi. Jibi ma haka."

"To ni za a kira sama, ba kai ba!"

"In an kira ka, ka ce hannuna ne ke rawa. Tsufa."

Baba Edita ya buga ƙafa ya fita, ya bar takalminsa guda a bakin zaure, sai da ya dawo ya ɗauka. Wata guda ba su yi wa juna magana ba. Amma duk Juma'a sai Kawu ya leƙa tsakar gida ya ce wa Inna, "An kai wa mutumin nan furarsa?"

Ni ma na taɓa tsokanarsa. Na ce, "Kawu, duk garin nan ka ɗauka, daga sarakai har masu gyaran takalmi. Me ka samu?" Ya dafa kafaɗarsa ta dama, wadda ta ɗan karkace saboda nauyin kyamara, ya ce, "Na samu wannan." Ya yi dariya har da tari. Ni a lokacin ban ga abin dariya ba, haushi ma na ji.

Sai da muka je Ƙofar Ƙwaya na gane abin da ke cikin adakar nan. Wata tsohuwa ce ɗanta ya rasu a haɗarin mota, shi kaɗai gare ta. Kawu ya je ta'aziyya ya dawo, ya zauna, sai ya ce, "Yaron nan na taɓa ɗaukarsa." Ya buɗe adaka, bai yi lalube ba, ya zaro wani kaset mai rubutun aikin gayya na yashe lambatu, shekara biyu da suka wuce. Bayan sadakar bakwai muka ɗaure talabijin da bidiyo a bayan babur da robar taya, ni ina tallabe da su. Aka jona a tsakar gidanta. Ga samari cikin taɓo, kyamara na bi a hankali, sai ga shi, da shebur a hannu, ya ɗago ya ga ana ɗaukarsa, ya washe baki ya ɗaga hannu. Bai fi ka ja numfashi uku ba. Tsohuwar ta ce a mayar. Aka mayar. Ta ce a sake. Ban ƙirga sau nawa ba. Can ta matsa kusa da gilashin tana cewa, "Kai, ji jikinka duk taɓo." A hanyar dawowa, da muka kusa gida, Kawu ya tsaya ya sayi rake, muka sha a tsaye.

Shi kuma sau ɗaya tak aka ci galabarsa. Ranar da ya ajiye aiki, Inna ta haɗa 'yar walima a gida. Ana cikin cin abinci Baba Edita ya faki idonsa ya ɗauke kyamara ya saita shi. Kawu ya kare fuska da hannun riga yana cewa, "Kai, bari mana, bari!" Sai Inna ta jefo magana daga bayan labule, ta ce, "Ku ɗauke shi da kyau, a ga bakin da ya ƙarar mini da man shanu." Kawu ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi cikin kwanon miya. Duk an ɗauka. Sau ɗaya muka kalla, ya zare kaset ɗin ya jefa a adaka, ya ce ya isa haka.

Wannan kaset ɗin ne Inna ke nema.

Na buɗe adakar da yammacin ranar. Ga su nan a jere, kowanne da jan biron Kawu. Saukar Islamiyya, Ƙofar Durbi. Allurar shanu. Tsohon ladan, kafin rasuwarsa. Gyaran rumfunan mahauta. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, babu mai sunan walima. Na ce ƙila yana ƙarshen wani. Kwana huɗu ina saka su a bidiyo, duk lokacin da aka kawo wuta, ina kallon fuskokin mutanen Katsina, da yawansu suna ƙasa yanzu. Kullum da safe in na shiga gaida Inna, ba ta tambaya. Hannuna kawai take kallo.

Rana ta biyar ina alwalar azahar abin ya faɗo mini. Sai da butar ta suɓuce.

Ana gobe rantsar da gwamnatin farar hula, Kawu yana kwance, ciwon ya riga ya ci ƙarfinsa. Baba Edita ya shigo a jiƙe da gumi, ya ce kaset ya ƙare musu ƙaf, ga taro gobe, kyamara guda ba ta da abin ɗauka. Ya roƙi Kawu ya ba shi ko biyu cikin tsofaffin nan. Kawu ya girgiza kai daga kwance, ya ce, "Masu rubutu na mutane ne." Sai ya dube ni ya ce, "Buɗe adaka, ka ba shi wanda ba shi da rubutu." Guda ɗaya ne babu rubutu. Ni na ɗauko shi da hannuna. Har na goge masa ƙura da gefen rigata kafin na miƙa.

Kai, ni dai na cika wawa. Mutumin da ke rubuta wa allurar shanu suna, ta yaya za a ce yana ajiye da fanko a adakarsa? Ai ko tunani kaɗan na yi, da na gane. Sunan kowa zai iya rubutawa, amma ba zai iya ɗaukar biro ya rubuta nasa a jikin kaset kamar wani babban baƙo ba. Kunyar nan tasa ce ta bar takardar fara.

Ban tsaya cin abinci ba, na hau babur sai gidan talabijin. Na samu Baba Edita a ɗakin tace labarai, na sauke masa duk abin da ke cikina. Na ce ba su da amana, na ce sun bar gari sun koma bin manyan riguna, na ce ko dubawa ba za su iya yi ba kafin su hau kan abu? Dattijon da ya isa ya haife ni, amma ban raga masa ba. Da ya gane wane kaset nake nufi, sai ya cire tabarau ya kifa fuskarsa a tafin hannu.

Ya ce, "Ni na ɗauke shi ranar. Ni kuma na goge shi. Babu rubutu, ɗana. Shekara ashirin haka muke yi, ba a duba marar rubutu."

Na ce, "Ni na miƙa maka."

A cikinmu babu mai iya kallon wani.

Can ya tashi ya ɗauko kaset ɗin daga kan kanta. Yanzu yana da rubutu, da manyan baƙaƙe: rantsuwa, kada a goge. Ya kira mai gyaran injinansu, na tambaye shi ko akwai dabarar da za a dawo da na farko. Ya ce, "Malam, in an hau kansa, ya tafi. Sai dai in ɗaukar ba ta kai ƙarshe ba, ka samu ɗan saura a wutsiya." Baba Edita ya ce in tafi da shi, sun riga sun kwafe.

Har yau ina tambayar kaina ko Kawu ya san abin da ya ce in bayar. Mutumin da ke zaro kaset ɗin shekara biyu ba tare da lalube ba, da wuya ya manta. Ko kuwa ciwon ne ya mantar da shi? Ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya. Abin da na sani shi ne masu rubutun duk suna nan. Mahaucin nan ya karɓi nasa, malamin Islamiyya ya karɓi nasa, tsohon Bafulatanin ma an kai masa har ruga. Kowa ya samu nasa, sai Inna.

Kwana biyu kaset ɗin yana ƙarƙashin sirdin babur ɗina. Na kasa kunnawa ni kaɗai, don in na duba wutsiyar na ga babu komai, shi ke nan. Na kuma kasa faɗa mata. Rana ta uku bayan azahar aka kawo wuta, na ɗauki talabijin da bidiyo na kai ɗakinta. Da ta ga kaset a hannuna sai ta gyara zama, ta gyara mayafinta kamar za a yi baƙo. Ban yi mata bayani ba. Na saka kawai.

Fili ya cika. 'Yan sanda na fareti. Jawabi, tafi, wani jawabin. Hannu a kan Alƙur'ani, ana maimaita rantsuwa. Na so in tura shi gaba, Inna ta ce, "Bar shi, kar ka wuce shi ba mu sani ba." Haka muka zauna har aka kira la'asar, ta yi sallarta, ni na je masallaci na dawo, muka ci gaba. Ba ta ɗauke ido daga gilashin ba. Ni kuwa addu'a nake a zuci, Allah ya sa a bar ko hular nan da ta faɗi.

Aka yi addu'ar rufe taro. Motoci suka fara fita. Sai hoton ya ɗauke, gilashin ya koma tsaki-tsaki yana shuuu, kaset ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa. Ko ƙiftawar ido ba su bari ba.

Na ce, "Inna, shi ne kaset ɗin. An ɗauki wanga taro a kansa." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Ban ce mata ni na bayar ba, har yau kuma ban faɗa ba.

Ta daɗe tana kallon bidiyon. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta miƙo hannu, na zaro kaset ɗin na ba ta. Ta juya shi, ta leƙa ta 'yar tagar da ake ganin zaren, ta shafa da ɗan yatsa.

"Shina nan ƙasa ke nan," ta ce. "Su ne dai suka hau bisanshi. Ko ba haka ba, ɗan nan?"

Na san amsar. Mai gyaran inji ya faɗa mini ƙarara. Na dube ta, tsohuwa cikin takaba, riƙe da kaset da hannu biyu, tana jira.

Na ce, "Eh, Inna. Shina nan."

Ta gyaɗa kai. Ta jawo wani sabon ɗankwali ta naɗe shi da kyau, ta tura ƙarƙashin matashinta, ta ɗauki carbi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya sa aikin da ya yi wa mutanen garin nan ya tarar da shi a can. Ya ba Inna haƙurin da ni na kasa samo mata. Ni kuma ya yafe mini wannan eh ɗin.